Me ya sa gidajen jinyar yara a Birtaniya ke bara, alhali an ce magani kyauta ne?

Tambaya: Sista, barka da aiki. Ina karatu a Liverpool. A ƙarshen 2024 na ga garin nan ya tashi tsaye, ko'ina ana yawo da bokiti ana tara kuɗi, wai za a rufe gidan jinyar jarirai na Zoe's Place. Har yau abin yana ɗaure mini kai. Ba an ce magani kyauta ne a ƙasar nan ba? Me ya hana gwamnati biya, kuma miliyoyin da muke jin ta sanar, ina suke shiga?

Amsa: Ƙanena, sannu da karatu, Allah ya ba da sa'a. Tambayar da ka yi ni ma na yi ta a watannin farko da na fara aiki a irin wannan gida. Na san ƙungiyar agaji ce ta ɗauke ni, ba NHS ba, wato hukumar lafiya ta ƙasa. Abin da ban sani ba, sai da akawunmu ta buɗe mini lissafin shekara, shi ne cewa wani yanki mai kauri na albashina daga shagunan gwanjo yake fitowa: tsofaffin riguna, littattafai, kofunan shayi da mutane suka gaji da su suka kawo sadaka. Sauran kuma daga wasiyyar mamata, da masu gudun famfalaki da ake ɗaukar nauyinsu, da irin bokitin da ka gani. Abin da gwamnati ta zuba bai kai rubu'in abin da muka kashe a shekarar ba.

Amma kafin maganar kuɗi, ya kamata ka san mene ne gidan, wanda Turawa ke kira hospis, domin yawancin mutanenmu da suka ji kalmar hospis sai su ɗauka ɗakin jiran mutuwa ne. A wajen manya akwai ƙamshin gaskiya a wannan, don da yawa sai kwana ya ƙarato ake kai su. Na yara daban yake. Yaro yakan yi shekara biyar, goma, har sha biyar yana zuwa yana komawa gida. Masu ciwon daji ba su ne mafi yawa ba. Akasari yara ne da aka haifa da cutar gado da ke cinye tsoka ko ƙwaƙwalwa sannu a hankali, ko masu mummunar nakasar zuciya, ko waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu wajen haihuwa. Likita ya riga ya faɗa wa iyaye cewa ba a sa ran yaron zai kai girma. Aikinmu shi ne sauƙaƙa masa raɗaɗi da farfaɗiya da wahalar numfashi, mu karɓe shi na 'yan kwanaki iyayensa su huta, mu bi shi har gida, idan kuma lokaci ya zo mu tsaya tare da su.

Kalmar hutu ɗin nan ita ce mutane ke rainawa. Na tuna wata uwa, Musulma ce, da ta kawo mana ɗanta mai shekara shida karo na farko. Ta sauke kaya kamar mai ƙaura: na'urar zuƙe majina, famfon da ke tura masa abinci ta bututun ciki, jakar magunguna, da wani littafin makaranta da ta rubuta lokacin kowane magani da hannunta. Muka ba ta ɗakin iyaye a sama, muka ce ta je ta kwanta. Ƙarfe biyu na dare sai ga ta a bakin ƙofa da hijabinta, ido biyu. Ba wanda ya tashe ta. Jikinta ne ya saba, don a wannan lokacin take juya shi kada ya yi gyambon kwanciya, kuma shekara shida ke nan ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba. Ta tsaya ta ga na juya shi, ta gyara mini yadda na sa filo a bayan gwiwarsa, sannan ta koma. Sai a dare na uku ta kwana har asuba. A gida, ka sani, da kaka da goggo da maƙwabciya duk za su karɓa mata, ko da babu na'ura ko ɗaya. A nan daga ita sai mijinta, shi kuma yana tuƙin tasi da dare.

To me ya sa ba gwamnati ke da waɗannan gidaje ba? Tarihi ne ya jawo. An kafa NHS a 1948 da tunanin warkar da mara lafiya, ba ta yi wa wanda ba zai warke ba tanadin kirki ba. Cicely Saunders ce ta buɗe St Christopher's a Landan a 1967, da kuɗin jama'a, daga nan salon hospis na zamani ya samo asali. Na yara kuwa sai a 1982, lokacin da wata 'yar zuhudu ta cocin Angilika, Sista Frances Dominica, ta buɗe Helen House a Oxford, wanda shi ne irinsa na farko a duniya. Ta yi haka ne bayan ta ga wahalar iyayen wata yarinya mai suna Helen da ciwon ƙwaƙwalwa ya kwantar. Daga nan kowane gari da aka samu iyayen da suka rasa ɗa, ko attajiri mai tausayi, ko limamin coci mai ƙwazo, sai a kafa kwamiti a tara kuɗi a gina. Yanzu akwai sama da 50 a faɗin Birtaniya. Ba wanda ya taɓa zama da taswira ya ce nan ne ake da buƙata, nan za a gina. Gwamnati ta tarar da abin a tsaye, ta ga yana rage mata nauyi, ta riƙa ɗan tallafawa, kuma ta saba da arhar. Gidajen manya sukan samu kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu daga hukuma. Na yara sukan samu ƙasa da haka, wasu ma ko kashi ɗaya cikin goma ba sa samu.

Shekaru da yawa tsarin ya riƙe. Abin da ya karya shi, yaran ne suka ƙaru, kuma jinyarsu ta ƙara wuya. Binciken da Farfesa Lorna Fraser ta jagoranta a Jami'ar York ya nuna cewa yara masu irin waɗannan cututtuka a Ingila sun tashi daga kimanin 33,000 a 2001/02 zuwa sama da 86,000 a 2017/18. Wani ɓangare na ƙarin ingancin rajista ne, amma babban dalilin abin farin ciki ne: jaririn da a da ba zai fita ɗakin bakwaini ba yanzu yana rayuwa. Sai dai yana rayuwa ne da bututu a maƙogwaro, ko na'urar numfashi da ba a kashewa. Irin wannan yaro ba za ka bar shi da mai aikin sa kai ba, komai kyawun zuciyarta. Sai ƙwararriyar nas ta yara, kuma sau da yawa ita da shi kaɗai.

Ga lissafin da nake so ka riƙe, don shi ne zuciyar maganar. Mako yana da awa 168. Nas mai cikakken aiki tana yin awa 37 da rabi. Ka raba, za ka ga kujera ɗaya ta nas, idan ana so kada ta taɓa zama babu kowa dare da rana, tana cin mutum huɗu da rabi. Ka ƙara hutun shekara, da ranakun kwas, da rashin lafiya, da haihuwa, ka doshi mutum shida. Wannan na gefen gado ɗaya ne idan yaron mai na'urar numfashi ne. Shi ya sa mafi yawan kuɗin kowane hospis albashi ne. Gado ƙarfe ne da katifa, sau ɗaya ake saye. Idan ka ji an ce an rufe gado, yana nan a ɗakinsa da zanensa a shimfiɗe, wadda za ta tsaya a kansa ce babu.

Kuma albashin ba mu ke yanke shi ba. Duk lokacin da gwamnati ta ƙara wa ma'aikatan NHS albashi, baitulmali ke biya. Mu kuwa dole mu bi sahu, in ba haka ba nas ɗinmu ta tsallaka titi ta koma asibiti, amma ba wanda ke aiko mana da cikon. Sai kuma kasafin Oktoban 2024, da ya ɗaga harajin inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikata ke biya daga kashi 13.8 zuwa kashi 15 cikin ɗari, ya kuma sauko da matakin da ake fara cirewa daga fam 9,100 zuwa fam 5,000, daga Afrilun 2025. An yi wa hukumomin gwamnati tanadin cike giɓin, gidajen hospis kuwa aka ce ai ku ƙungiyoyi ne masu zaman kansu. Ɗauki ma'aikaci mai albashin fam 30,000 a shekara. A da ana biya masa kusan fam 2,884, yanzu fam 3,750. Bambancin fam 866 ne a kan mutum ɗaya. Gidan da ke da irinsa ɗari ya tashi da ƙarin nauyin da ya haura fam 86,000, wato albashin nas biyu, ba tare da an ƙara kula da yaro ko ɗaya ba. Riga nawa ta fam uku za a sayar a shagon gwanjo kafin a haɗa wannan?

Yanzu ga miliyoyin da ka tambaya. Akwai su, ba ƙarya ba ne, kuma duk wanda ya ce gwamnati ba ta ba da komai bai yi adalci ba. Tun wajen 2006 ake da wani tallafi na musamman ga gidajen yara a Ingila. A 2019 yana fam miliyan 12 a shekara, hukumar NHS ta Ingila ta yi alƙawarin kai shi miliyan 25 zuwa 2023/24, ta kuma cika. A Disamban 2024 gwamnati ta sanar da miliyan 26 na shekarar 2025/26, tare da wani miliyan 100 na dukkan gidajen hospis, na manya da na yara. Wannan miliyan ɗarin shi ya cika jaridu, shi ne kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Kuɗin gini ne da kayan aiki: gyaran rufi, sabuwar tukunyar ɗumama ɗaki, gadaje, kwamfutoci, lambu. Haramun ne a biya albashi da shi. Kamar maigida ne ya ba ka kuɗin fenti alhali kuɗin cefane kake nema. Fentin yana da amfani, rufin da ke yoyo ma dole a gyara shi, da hanau gara mannau. Amma kana iya samun ɗaki sabo fil, da injin ɗaga yaro a silin, a kulle da makulli.

Matsala ta biyu ita ce gajartar alƙawari. Shekara da shekaru tallafin na shekara ɗaya-ɗaya ne, wani lokaci sai ana dab da shiga sabuwar shekarar kuɗi ake tabbatar da shi. Ta yaya za ka ɗauki nas aikin dindindin da kuɗin da ba ka san ko zai zo baɗi ba? Amintattun ƙungiya, wato kwamitin da ke riƙe da amanar dukiyarta, doka ta ɗora musu alhakin kada su ci gaba da kashe abin da ba su da shi, don haka idan shakka ta zo, gado suke ragewa. A nan dole in yaba: a Oktoban 2025 an sanar da fam miliyan 80 na shekara uku a jere. Idan ka raba za ka ga kusan abin da ake bayarwa ne, ba wani ƙari mai yawa ba, amma sanin abin da zai shigo nan da shekara uku shi kansa rabin magani ne ga mai tsara jadawalin aiki.

Ta uku ta fi ɓoyuwa. Dokar lafiya ta 2022 ta wajabta wa hukumomin lafiya na yankuna, waɗanda ake kira ICB, guda 42 lokacin da aka kafa su, su tanadi kulawar sauƙaƙa raɗaɗi ga mutanen yankinsu. Baroness Ilora Finlay, likita ce a wannan fanni, ita ta yi tsayin daka a Majalisar Dattawa har aka shigar da wannan. Nasara ce babba a kan takarda. Sai dai dokar ba ta faɗi nawa ba. Wani yanki ya biya da hannu sake, maƙwabcinsa ya ba da abin da bai taka kara ya karya ba, yara biyu masu ciwo iri ɗaya, unguwar da suke zaune ce kawai ta raba rabonsu. Ƙananan hukumomi ma doka ta ɗora musu samar wa iyayen yara nakasassu ɗan hutu, amma da yawansu hannu baka hannu ƙwarya suke. Birmingham, ƙaramar hukuma mafi girma a ƙasar, a Satumban 2023 ta bayyana cewa ba ta iya daidaita kasafinta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne binciken York ɗin nan ya nuna waɗannan cututtuka sun fi yawa a unguwannin talakawa. Wato inda yaran suka fi yawa, nan ne masu barin gida ko gona a wasiyya suka fi ƙaranci.

Batun Zoe's Place da ka gani da idonka, gaskiya ba yanke tallafi ne ya kawo shi kai tsaye ba. Wa'adin hayar gininsu na unguwar West Derby ne ya ƙarato, shirin sabon gini ya ja lokaci, farashi ya tashi, sai suka ce za su rufe. Aka ce a nemo fam miliyan 5 cikin kwana 30. Kamfanin da ke da shagunan Home Bargains, ɗan garin ne, ya ɗauki rabi, ɗan majalisa Ian Byrne ya shiga gaba, jama'a suka cika har da ɗoriya. Na yi murna kamar kowa. Haka aka yi a 2019 da ƙungiyar Acorns ta ce za ta rufe gidanta na Walsall, aka yi gangamin fam miliyan 2 aka ceto shi. Amma ina tsoron darasin da 'yan siyasa ke ɗauka daga irin wannan, cewa ai jama'a za su biya in wuya ta yi wuya. Liverpool gari ne mai zuciya da kishin kansa, yana da attajiri, yana da ƙungiyoyin ƙwallo biyu da duniya ta sani. Ba kowane gari ke da wannan ba, kuma ba a yi wa mutane kukan gobara sau biyu su fito da gudu iri ɗaya. Douglas House a Oxford, ƙanin Helen House da aka buɗe a 2004 don matasan da suka wuce shekarun yara, an rufe shi a 2018 saboda kuɗi. Richard House, gidan yara na farko a Landan, da ke Newham tun 2000, ya rufe a Disamban 2025.

Kuma yawancin rufewar ba ta da kanun labarai. A 2024 gidan yara na Ireland ta Arewa, shi kaɗai ne a yankin, ya rage gadajensa, musamman a ƙarshen mako, lokacin da iyaye suka fi buƙata. Irin wannan ni na sani da hannuna. Akwai wata Laraba da aka ba ni waya in kira wani uba in ce masa kwana ukun da muka yi musu alƙawari tun wata huɗu baya ba zai yiwu ba. An kawo mana wata yarinya da kwananta ya ƙare, iyayenta ba sa so ta cika a asibiti, nas ɗin da muke da su kuma ba za su riƙe yara biyu masu nauyi ba. Hukuncin daidai ne, da ni ce shugaba haka zan yanke. Uban bai yi faɗa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce ba komai, ya fahimta, dama bikin ƙanwarsa ne za su je, zai tura matar ita kaɗai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A wannan ranar ɗakuna biyu ne a kulle a ƙarshen baranda.

Za ka ce to gwamnati ta karɓe su gaba ɗaya mana. Ni ban goyi bayan haka ba, ko da yake wasu abokan aikina suna ganin haka ne mafita. Na yi aiki a ɓangarorin biyu. Ranar da hospis ya zama ɗakin asibiti, abin da za a fara yankewa shi ne wurin wankan ruwan ɗumi inda yaron da gaɓoɓinsa suka sandare ke miƙewa, da mai kiɗa, da ɗakin iyaye, da mai zama da 'yan'uwan yaron da kowa ya manta da su. Sai ɗakin sanyi, wanda aka gyara kamar ɗakin kwana, inda yaro ke kwanciya bayan ya rasu maimakon a tura shi aljihun mutuware. Iyalan Musulmi ba sa daɗewa a ciki tunda gaggawar jana'iza muke yi, amma daren da ake jiran takardu, uwa tana zaune kusa da ɗanta tana karatu, ba a bayan ƙofar ƙarfe ba. Waɗannan sadaka ce ta gina su, kuma ta fi hukuma iya riƙe su. Abin da nake cewa shi ne a raba kaya. Nas, likita, magani, na'ura, duk abin da NHS za ta biya da yaron yana kwance a gadonta, ta biya shi a nan ma, cikakke, da yarjejeniyar shekaru. In ba mu karɓe shi ba ai wurinta zai koma, sau da yawa ɗakin kulawa ta musamman, inda kwana ɗaya ya fi namu tsada nesa ba kusa ba. Ba mafarki ba ne. A Jamus, inda aka buɗe gidan yara na farko a Olpe a 1998, doka ta sa asusun inshorar lafiya ya biya kashi 95 cikin ɗari na kuɗin jinyar da aka amince da shi. Su ma suna neman gudummawa, don kula da iyaye da 'yan'uwa bai shiga lissafin sosai ba, amma ba albashin nas suke bara a kai ba.

Su ma ƙungiyoyin ba zan wanke su tas ba. An fi samun mai ba da kuɗin gini, don ana manna sunansa a bango, fiye da mai biyan aikin dare na watan Fabrairu. Wasu amintattu sun biye wa wannan, suka gina abin da ba za su iya ciyarwa ba. Kuma kuɗin da aka bayar da sunan gini doka ba ta yarda a karkatar da shi ba, ko da ana gobe za a sallami ma'aikata. Iyaye da yawa ma a yau sun fi son nas ta zo musu gida, abin da ba ya ɗaukar hoto mai kyau a takardar neman taimako.

Idan kana son sa hannu, fam biyar duk wata ta banki ta fi wa akawu amfani a kan fam sittin rana ɗaya, don da ita ake iya lissafin gobe, kuma kada ka ɗaure ta da sharaɗin gini. Ɗan majalisar mazaɓarka yana amsa wasiƙar duk mazaunin yankinsa, ko ɗalibi ne, kana iya tambayarsa nawa hukumar lafiyar yankin ke kashewa a kan kowane yaro mai irin wannan ciwo. A takardar gudummawa za ka ga wani akwati na Gift Aid, wanda ke sa hukumar haraji ta ƙara musu fam ɗaya a kan kowane fam huɗu. Wannan na masu biyan haraji ne. In aikin da kake ɗan taɓawa bai kai a cire maka haraji ba, bar akwatin yadda yake, in ba haka ba kai za a biyo da bashin.